Masu montaj, lojisiyel ɗin da ke hannunku naku ne ko na haya?

Yau maganata da masu ɗaukar bidiyo ne: na biki da suna, na wa'azi, na kokowa, da abokan aikinmu na gidajen rediyo da talabijin.

Mu da muka koyi yankan murya da Cool Edit mun san zamanin da lojisiyel kaya ne kamar keken ɗinki: ka saya, ka kai gida, shi ke nan. Kamfanin Adobe ya sayi Cool Edit a 2003, ya sa masa suna Audition. Shi ne kuma mai Premiere, wanda galibin masu montaj namu suka koyi aiki da shi. CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da ake saye gaba ɗaya. A 2013 kamfanin ya koma tsarin abonoma, wato biya duk wata ko duk shekara. Ran da ka daina biya, lojisiyel ya kulle. Hotunanka na nan cikin disk, amma ba ka da abin buɗe aikin da ka jera.

A watan Mayu na 2019 abin ya ƙara gaba. Adobe ya taƙaita saukar da tsofaffin fitowa, ya bar biyu na baya-bayan nan kaɗai. Ya kuma aika wa wasu masu abonoma saƙo cewa lasisinsu bai ƙara shafar wasu tsofaffin ba, in sun ci gaba da aiki da su wani na iya ƙararsu. Lokacin kamfanin Dolby ya riga ya kai Adobe kotu tun 2018 kan kuɗin lasisin fasahar sauti, kuma 'yan jarida da dama sun haɗa zancen biyu. Ka gani, manya na rigima a Amurka, mai montaj yana biya bai yi fashi ba, amma an ce tsohon kayan aikinsa ya haramta gare shi. Masu Apple ma ba su tsira ba: an daina Final Cut Pro 7 a 2011, wanda ya gaje shi bai buɗe tsofaffin ayyukansa kai tsaye.

Wani zai ce mi ya dame mu da tsohon, tun da sabon ya fi? To, sabon yana son kwamfuta mai ƙarfi, galibinmu kuwa ta hannu muke saye a kasuwa. Yana son intanet lokaci zuwa lokaci don ya tabbatar ka biya, ga kuran da ke zuwa yana tafiya. Biyan ma sai da katin banki mai aiki a waje, wanda yaro mai ƙaramin studiyo a Tasawa ko Madawa da wuya ya mallaka. Sannan aikin da aka ajiye da sabon Premiere, tsohon bai buɗe shi. Mutum biyu na aiki kan fim guda, ɗaya ya sabunta, ɗayan ya tsaya cak.

Akwai kuma abin da ya faru da Benezuwela a Oktoban 2019. Saboda takunkumin Amurka, Adobe ya sanar zai rufe asusun mutanen ƙasar baki ɗaya, sai daga baya ya samu izinin gwamnatin Amurka ya janye. Mu da muka ga takunkumin 2023, iyaka rufe, kuran yanke, ba sai an yi muna dogon bayani ba.

Na san amsar da za a ba ni: “Malam, mu ai na kile muke sawa, ba mu biyan kowa.” Gaskiya ne, haka da yawa ke yi. Amma wanga ba mafita ba ne. Lojisiyel na sata sau da yawa yana zuwa da birus, in ya cinye bikin mutane ba ka da inda za ka kai kuka, kuma ran da wata ƙungiya ta ba ka kwangila ta nemi lasisi, sai ka sunkuyar da kai. Su ma masu ƙera shi haƙƙinsu ne a biya su, ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin mutum sannan a hana shi fitowar da kwamfutarsa ke iya ɗauka.

Ga shawarata. Duk aikin da kuka gama, ku fitar da shi cikakke da inganci mai kyau, ku ajiye ɗanyen hotunan daban, a disk biyu in da hali. Ku fitar da XML na jerin aikin, don wani lojisiyel na iya karanta shi. Ku koyi na biyu tun ba a matsa muku ba: DaVinci Resolve yana da na kyauta na halal, sai dai yana son inji mai ƙarfi, Kdenlive da Shotcut kyauta ne kuma lasisinsu bai ƙarewa. Makarantu da masu horar da yara a unguwa su koyar da montaj kansa, yadda ake yanka da jerawa da daidaita sauti, ta yadda ɗalibi zai zauna gaban kowane lojisiyel ya yi aiki.

Abin da kuke ɗauka yau, tafsirin malaman garinku, hawan salla a Damagaram, karon 'yan kokowa, auren 'ya'yan mutane, shi ne jikoki za su nema nan da shekara talatin. Ku ajiye shi yadda za su iya buɗewa ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

Masu sana'ar, ku faɗa muna: da wane kuke aiki yanzu, kuma aikinku na shekara goma baya yana buɗewa?