SHARHI: Wa Zai Ɗauki Nauyin Masu Bin Diddigin Kuɗin Ma'adinai?

A kowane wata, kwamitin rabon arzikin ƙasa yakan zauna ya raba kuɗaɗen asusun tarayya tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Ƙaramar Hukumar Kwantagora tana da nata kaso, haka ma maƙwabtanta irin su Mariga da Magama da Mashegu. Wani babban ɓangare na kuɗin nan daga man fetur da iskar gas yake fitowa. Amma da wuya a sami ɗan kasuwa ko manomi a Kwantagora da zai iya faɗin nawa aka aiko wa ƙaramar hukumarsa a watan jiya, balle abin da aka yi da shi.

Dokoki dai akwai su. Nijeriya ta rungumi shirin duniya na bayyana kuɗin shiga daga ma'adinai a 2003, kuma a 2007 aka kafa dokar hukumar NEITI, wadda ke gwama abin da kamfanoni suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Dokar haƙar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin da zai yi haƙa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma.

Matsalar ita ce rahotannin masu kauri ne, cikin Turanci da harshen akantoci, kuma galibi a Abuja suke tsayawa. Ana bukatar wanda zai karanta su, ya mayar da su Hausa da sauran harsunan jihar, ya kai su gidan rediyo da zauren mai unguwa, sa'an nan ya tambayi shugaban ƙaramar hukuma. Wannan aiki ne na ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma yana cin kuɗi: kuɗin mota, ladan lauya, sayen fili a rediyo.

Shekara da shekaru ƙungiyoyin da ke wannan aiki sun dogara ne da tallafin ƙasashen waje. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, lamarin da ya nuna cewa tallafin baƙo ba abin jingina ba ne. Dama kuma yawancin irin wannan taimako a Abuja da Legas da yankin Neja Delta yake ƙarewa.

Jihar Neja ta riga ta ɗanɗana kuɗar rashin sa ido. A 2015 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi. A watan Yunin 2024 ramin haƙa ya rufta da mutane da dama a Galkogo, cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro. Ƙauyukan da ke binne gawa suna da hakkin sanin wanda aka ba lasisi a ƙasarsu, da abin da ya biya, da abin da ya komo musu daga kashi 13 cikin 100 da tsarin mulkin 1999 ya tanadar wa jihohin da ake samun albarkatu a cikinsu.

Wasu na ganin gwamnati ko kamfanonin haƙar ne ya kamata su cike gurbin. Wannan shawara tana da haɗari, domin idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Ƙungiyar da ke karɓa daga hannun wanda take bincika ba za ta iya ɗaga masa murya ba.

Mafita tana gida. Kwantagora gari ne na manyan 'yan kasuwar hatsi da dabbobi, da tsofaffin ma'aikata da malamai. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na 'yan kasuwa za su iya kafa asusu na karo-karo, a ƙarƙashin amintattun da ba su riƙe da muƙamin siyasa, domin ɗaukar nauyin matasa ƙalilan masu ilimin lissafin kuɗi da za su riƙa bin alƙaluman wata-wata. Wajibi ne kuma asusun ya riƙa bayyana nasa kuɗin shiga da na fita a bainar jama'a, domin wanda ya ɓoye littafinsa ba shi da bakin neman na wani.

Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa wannan bukata nauyi. Duk lokacin da kuɗi suka matso kusa da jama'a, ya kamata mai sa ido ya kasance kusa da su. Abin da karo-karo zai tara ba zai kai na ƙasashen waje ba, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.