Raddi Ga Masu Halatta Korar Ma'aikacin Sa-kai Saboda Abin Da Ya Rubuta

Hukumar Peace Corps ta Amurka, wadda Shugaba John Kennedy ya kafa ranar 1 ga Maris 1961, tana tura mutanenta aikin sa-kai na wata 27 a ƙasashen waje: kimanin wata uku na horo, sannan shekara biyu na zama cikin jama'a, a ci abin da suka ci, a sha ruwan rijiyarsu. Mutanen Nijar sun san su sarai, domin daga 1962 har Janairun 2011 suna nan a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, da yawansu kuma sun koma gida da Hausa a bakinsu. Tun da intanet ta shiga aljihun kowa, wata gardama ta taso a kan waɗannan ma'aikata. Mutum zai rubuta abin da ya gani ko abin da ya dame shi a shafinsa na kansa, rubutun ya kai kunnen daraktan hukumar na ƙasar, a kira shi babban birni, cikin 'yan kwanaki ya tsinci kansa a jirgi. Akwai masu ganin wannan daidai ne, kuma ba jahilai ba ne, suna da hujjojin da suka cancanci a saurara. Abin da nake tsaye a kai shi ne, korar mutum kafin wa'adinsa saboda rubutunsa ba ta halatta sai an nuna cutar da rubutun ya jawo, an ji ta bakinsa a gaban wanda ba shi ne mai ƙara ba, kuma an tabbatar babu wani magani da ya fi kora sauƙi.

Hujjarsu ta farko ita ce ma'aikacin sa-kai jakada ne dare da rana. Suka ce tun kafin ya tashi an sanar da shi cewa alhakin halayensa na wuyansa awa 24 a kowace rana, kuma mutanen gari za su riƙa ganin Amurka a fuskarsa, saboda haka ba shi da wata murya da za a kira tasa ta kansa. Rabin maganar gaskiya ne: baƙo ɗaya tilo a ƙauye, duk abin da ya yi ana jingina shi ga ƙasarsa. Amma kalmar jakada aro ce, kuma an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Jakada na gaske yana da albashi da kariyar diflomasiyya, kuma aikinsa shi ne faɗin matsayin gwamnatinsa. Ma'aikacin sa-kai ba shi da wannan kariya, ɗan alawus ake ba shi daidai da rayuwar maƙwabtansa, kuma waɗanda suka gina hukumar, da Sargent Shriver daraktanta na farko a gabansu, da gangan suka nisanta ta daga zama kakakin siyasar wajen Amurka, har aka haramta wa duk wanda ya taɓa aiki da CIA shiga cikinta. To ta yaya za a hana mutum gatan jakada, sannan a ɗaure masa baki da igiyar jakada? Bayan haka, dokar da majalisa ta yi a Satumban 1961 ta zayyana manufofi uku, na ukun shi ne a taimaka wa Amurkawa su fahimci sauran al'ummu. Ba da labari yana cikin aikin ke nan. Hukumar da kanta ta riƙa shirya gasar rubutun intanet tsakanin ma'aikatanta tana karrama waɗanda suka yi fice, kuma ita ce ke umurtar su da su rubuta a shafinsu cewa ra'ayin nasu ne, ba na gwamnatin Amurka ba. Wanda ya sa ka shelanta cewa maganar taka ce ya riga ya amsa cewa kana da maganar kanka.

Hujja ta biyu ita ce wadda suka fi ji da ita, kuma a Najeriya aka haife ta. A watan Oktoban 1961, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai, wata ma'aikaciya mai suna Margery Michelmore, cikin rukunin farko da ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gidan waya, irin wanda ba a sa shi a ambulan. A ciki ta kwatanta ƙazanta da koma-bayan da ta ce ta gani, da kalmomin da duk ɗan ƙasa zai ji zafinsu. Katin bai kai Amurka ba. Ya faɗa hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka rarraba, aka yi gangami, aka kira Amurkawan 'yan leƙen asiri, labarin ya cika jaridun duniya. Suka ce: ga shi nan, kati ɗaya ya kusa rushe shirin tun yana jariri, ina ga rubutun da dubban mutane za su karanta cikin awa guda? Ban raina fushin ɗaliban Ibadan ba, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin ƙasar da ta fito daga hannun Turawa jiya ba za ta lamunci baƙo ya zo yana mata kallon ƙasƙanci ba. Sai dai a karanta labarin har ƙarshe. Michelmore ta nemi gafara, ta miƙa takardar ajiye aiki, aka fitar da ita daga ƙasar domin a kwantar da ƙura, Kennedy ya aika mata da saƙon ƙarfafa gwiwa, ta kuma ci gaba da aiki na ɗan lokaci a ofishin hukumar a Washington. Ba a yi mata korar wulaƙanci ba. Abin da ya ɗinke ɓarakar kuwa a Ibadan ya faru: da ɗalibai suka ƙaurace wa Amurkawan a ɗakin cin abinci, ɗaya daga cikinsu, Aubrey Brown, ya ƙi cin komai har sai an zauna tare, daga nan aka fara magana ido da ido. Cikin 'yan shekaru shirin Najeriya ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. Wannan ƙissa tana nuna cewa rubutu na iya cutarwa, ban musa ba. Tana kuma nuna irin cutar da ake iya gani da ido, a ƙirga ta: gangami, ƙauracewa, kanun jaridu. Ƙiyasin da ke ɗaukar hukuncin wannan ya ɗora wa mutumin da ya rubuta cewa ofis ya yi jinkirin aiko masa da magani, ko cewa horon da aka ba su bai wadatar ba, ƙiyasi ne da illarsa ba ta haɗu ba. Wancan ya taɓa mutuncin masu masauki, wannan kuwa jin daɗin shugabanninsa kawai ya taɓa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai suka koma ga doka. Suka ce aikin sa-kai alfarma ce, ba haƙƙi ba. Dokar 1961 ta ce ma'aikacin ba cikakken ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma Shugaban ƙasa na iya kawo ƙarshen aikinsa duk lokacin da ya ga dama. Haka dokar take. Amma an riga an gwada wannan hujja a gaban alƙali, ta faɗi. A 1967 Bruce Murray, mai koyar da kiɗa a birnin Concepción na ƙasar Chile, ya rubuta wasiƙar adawa da yaƙin Vietnam da kuma yadda hukumar ke hana ma'aikatanta magana a kansa. Jaridar New York Times ba ta buga ba, sai wasiƙar ta fito da Sifaniyanci a jaridar El Sur ta garin. Aka kira shi Washington aka sallame shi, ya rasa jinkirin da aka yi masa na shiga soja, har ta kai ga gurfanar da shi. A 1969 Alƙali Raymond Pettine na kotun tarayya a jihar Rhode Island ya yanke cewa korar ta keta 'yancinsa na faɗin albarkacin baki da kundin tsarin mulki ya ba shi. Shekara ɗaya kafin haka, a shari'ar Marvin Pickering, malamin makaranta a jihar Illinois da aka kora saboda wasiƙar da ya aika wa jarida yana sukar yadda hukumar ilimi ke kashe kuɗi, Kotun Ƙoli ta kafa ma'auni: a ɗora haƙƙin mutum na magana kan al'amuran jama'a a hannu ɗaya, a ɗora bukatar ma'aikata ta gudanar da aikinta a ɗayan, a ga wanda ya rinjaya. Ikon sallamar mutum ba tare da faɗin dalili ba daban yake da ikon sallamarsa a kan haramtaccen dalili. Idan kuma wasiƙar da aka buga a jaridar ƙasar da mutum ke aiki, da harshen mutanenta, ta sami wannan kariya, me zai cire ta daga rubutun da aka yi da Ingilishi domin iyaye da abokai a gida?

Inda na fi jin ciwo shi ne tsarin da ake bi. Suka ce ai ana ba mutum takarda a bayyana masa laifinsa, ana ba shi damar amsawa, har ma ana ba shi zaɓin ya ajiye aiki da kansa cikin awa 24 don kada tabo ya bi shi. A dubi wannan zaɓi da kyau. Matashi ne da ya yi tafiyar yini guda a motar haya daga ƙauyensa, yana zaune a ofishin da fasfo ɗinsa da tikitinsa da maganinsa duk daga nan suke fitowa, ba lauya, iyayensa na wata nahiya. An ce masa ko ka sa hannu kafin gobe war haka, ko a rubuta an kore ka. Wa zai ce wannan sa hannu na yardar rai ne? Kuma takardun hukumar za su nuna cewa ya ajiye aikin ne a madadin kora, don haka tabon bai goge ba. Abin da ya rasa ma ba kaɗan ba ne: ragowar kuɗin sake zama a gida da ake tara masa wata-wata, wanda ya haura dala 10,000 ga wanda ya kammala, da fifikon shekara guda wajen neman aikin gwamnatin tarayya, da tallafin karatun digiri na biyu da jami'o'i ke ba waɗanda suka cika wa'adi. Mafi muni, idan rubutun suka ne ga ofishin, daraktan da aka soka shi ne mai ƙara, shi ne mai bincike, shi ne alƙali. Ko da mutumin kirki ne, kuma da yawansu mutanen kirki ne, ba a ɗora wa ɗan Adam wannan nauyi. Annabi Sulaiman, da dukan mulkin da Allah ya ba shi, da ya nemi hudahuda ya rasa, ya yi alkawarin hukunci amma ya bar ƙofar uzuri a buɗe, ya saurare ta, sannan ya aika a tabbatar da labarinta.

Za a ce mini, to babu rubutun da ya cancanci kora ke nan? Akwai. Wanda ya bayyana inda abokan aikinsa ke kwana a yankin da ake satar baƙi ya jefa rayuka cikin haɗari, kuma sace Faransawa biyu a Yamai a Janairun 2011, wanda ya sa aka kwashe ma'aikatan daga Nijar, ya isa shaida cewa tsoron ba na banza ba ne. Wanda ya tona asirin mara lafiya a asibitin da yake taimakawa, ko ya sa hoton yaran mutane tsirara don a tausaya masa a gida, ko ya faɗi abin da zai sa hukumar ƙasar ta kama maƙwabcinsa, ya ci amanar gidan da ya ba shi tabarma. Haka wanda ya tsoma hannu cikin rikicin mulkin masu masaukinsa, kamar yadda ya faru da marubuci Paul Theroux a Malawi a 1965, lokacin da taimakon da ya yi wa masu adawa da Hastings Banda ya sa aka fitar da shi daga ƙasar da kuma hukumar. A dukan waɗannan ana iya nuna wanda aka cuta da yatsa. Idan kuma gaggawa ce ta tsaro, a ɗauke mutum daga ƙauyen yau, a sa ya sauke rubutun yau, amma hukuncin kora ya jira bincike, domin kwana bakwai a babban birni ba ya kashe kowa. Tsakanin shiru da kora akwai nasiha, akwai gargaɗi a rubuce, akwai neman gafara a gaban mai gari, akwai sauya wurin aiki.

Masu wannan ra'ayi suna lissafa haɗarin magana, ba sa lissafa haɗarin shiru. A Maris 2009 aka kashe Kate Puzey, ma'aikaciyar sa-kai kuma malama 'yar shekara 24, a ƙauyen da take koyarwa a arewacin Jamhuriyar Benin, bayan ta kai rahoton zargin lalata da ɗalibai mata ga ofishin hukumar, kuma sirrin rahoton ya fita. Sai da iyayenta da tsofaffin ma'aikata, ciki har da matan da aka yi wa fyaɗe a bakin aiki, suka fito bainar jama'a suka yi magana a talabijin da gaban majalisa, sannan aka sami dokar kare ma'aikatan sa-kai mai ɗauke da sunanta, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a Nuwamban 2011. Gyaran ya zo ne ta bakin waɗanda suka ƙi yin shiru. Duk korar da aka yi saboda ƙorafi tana koya wa sauran ɗaruruwan da ke ƙasar cewa su haɗiye abin da suka gani.

Akwai kuma ɓangaren da ake yin korar da sunansa, amma ba a cika tambayarsa ba. Ana cewa don kare mutuncin masu masauki ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: a tambayi shugaban makarantar da aka bar masa aji uku ba malamin lissafi ana saura wata biyu jarrabawa, a tambayi ungozomar da suke auna jarirai tare ranar kasuwa, a tambayi mai garin da ya ba da ɗaki ya kuma tara mutane haƙar rijiya. A karanta musu rubutun da harshensu. Idan sun ce ya ci mutuncinsu, maganarsu hujja ce mai nauyi, a sa ta cikin takardar. Idan sun ce ba su ga laifi ba, ko sun ce ya zo ya ba da haƙuri ya ci gaba da aikinsa, to daraktan ya nemo wani dalilin da zai rubuta, ya kuma kai shi gaban wani wanda rubutun bai ambata ba.