Mai gadin da bai san ƙofofin gida ba

1/ Yau da ɗaliban kwamfuta nake. Kowa ya rubuta "masanin tsaron intanet" a shafinsa, amma ka tambaye shi yadda Linux ke hana wata manhaja leƙa ƙwaƙwalwar wata, sai ya kama sosa ƙeya. Zare 🧵

2/ Ka sa Kali a laftof, ka yi kwas ɗin sati biyu, an ba ka satifiket. Madalla. Amma kayan da wasu suka ƙera kake dannawa. Mai gadi ne kai da bai san ƙofofin gidan ba.

3/ Ƙofofin suna can ƙasa, a babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, da fasahar raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar goma. Tamkar gidan haya: gini ɗaya, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Abin da ake kira "gajimare" ke nan.

4/ Daga ɗakin binciken jami'a abin ya bunƙasa. Xen daga Jami'ar Kambirij ya fito a 2003, malamai da ɗaliban digiri na uku suka yi shi. A kansa Amazon ta fara ba da hayar kwamfutoci a 2006. Linus Torvalds kuwa ɗalibi ne ɗan shekara 21 da ya fara Linux a 1991.

5/ A 2018 masu bincike suka bankaɗo Meltdown da Spectre, suka nuna ɗan haya na iya jin sirrin maƙwabci ta bango. Wanda ya san tubalin ne kawai zai gano haka.

6/ Mu fa? Furojet ɗin aji huɗu: manhajar rajistar ɗalibai. A digiri na biyu: ita dai, an sauya mata kala. Haba jama'a!

7/ Kada ka ce bai shafe mu ba. A 2025 matsalar sabar JAMB ta sa aka ce ɗalibai kusan 380,000 su sake jarrabawa. Mai POS a kasuwar Kankia, da BVN da NIN ɗinka, duk a kan irin waɗannan na'urori suke.

8/ A 2023 aka buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano. Gini ya zo ƙofar gida. Wa zai san cikinsa nan da shekara goma, mu ko ɗan kwangila daga waje?

9/ Za a ce ba wuta, ba kayan aiki, masu duba irin wannan bincike kaɗan ne. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan jami'o'i da TETFund. Amma QEMU kyauta ne, xv6 na MIT kyauta ne, tsohuwar laftof ta isa. Yaro a Mawashi da cajin sola zai iya farawa.

10/ Za a ce ba ya kawo kuɗi da wuri. Eh. Masu haɗa shafin intanet sun cika kasuwa, masu gyara cikin Linux kuwa nemansu ake.

11/ 'Yan UMYU, FUDMA, BUK da ABU: kafin ku miƙa taken furojet, ku sauka ƙasa. Malamanmu, don Allah in ɗalibi ya kawo irin wannan take, kada a ce masa "ya yi wuya". Ba a fafe gora ranar tafiya.