RA'AYINMU: Masu Kashe Mana Gobara Da Hannu Ziƙau



A farkon watan Fabrairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo da ke Ƙaura Namoda, ta halaka almajirai 17 suna barci, wasu kuma suka ƙone. Binciken farko na 'yan sanda ya nuna cewa tarin karan da aka jibge a wurin ne ya ba wutar abin ci. Kafin wannan, a Nuwamban 2021, yara fiye da 20 sun rasu a Maraɗi sa'ad da azuzuwan zana suka kama. Muna tuna wa jama'a waɗannan ne domin hunturu bai fasa dawowa ba, mu kuma ba mu sake shiri ba.

Duk wanda ya san ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ya san yadda take bayan kaka. Ciyawa ta bushe, an tara kara da harawa a kan rufi, damman gero na cikin rumbu, iska kuma tana kaɗawa dare da rana. Mafarauci ya cinna wuta don ya kori gafiya, ko mai jin ɗari ya kwana da garwashi a ɗaki, sai abincin shekara ya zama toka kafin asuba. A wannan zamani kuma da 'yan bindiga suka hana noma gonakin nesa, rumbu ɗaya da ya ƙone yunwa ce ga gidaje da yawa.

To, wa ke fara isa wurin? 'Yan agaji ne da samarin unguwa da 'yan ga-ruwa. Kafin motar kwana-kwana ta iso ƙauye, in har hanya ta bari ta iso, su ne ke dukan wuta da ɗanyen reshe, su yaye zana da hannu, su fito da tsofaffi. Ba su da albashi, ba takalmi, ba safar hannu. Wanda ya ƙone a cikinsu shi ke biyan kuɗin maganinsa, mai kura kuma shi ke asarar ruwansa. Muna yi musu sannu, washegari mu manta da su.

Wannan ba daidai ba ne. Ceton rai farilla ce da ke kan al'umma baki ɗaya, kuma in wasu 'yan kaɗan suka ɗauke mana ita, mafi ƙarancin haƙƙinsu shi ne mu ba su abin aiki. Saboda haka muke kira kamar haka:

Na farko, kowane masallacin Juma'a ya keɓe taimakon mako ɗaya kafin hunturu ya kankama, a sayi bokitai, shebur, adduna, fitilu da takalman roba, a ajiye gangunan yashi, a kuma karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a.

Na biyu, attajiran kasuwar Shinkafi da ta Ƙaura su gina tankunan ruwa kusa da rumfuna da makarantu. Gobarar babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021 sun isa darasi.

Na uku, ƙananan hukumomin nan uku su nemi ma'aikatan kashe gobara na jiha su horar da 'yan agaji, su kuma ɗauki nauyin jinyar duk wanda ya ji rauni. Da yawa ba su san cewa ba a zuba wa wutar fetur ko ta lantarki ruwa ba.

Na huɗu, dagatai su tara gayya a share ciyawa kewaye da gari da rumbuna, kamar yadda ake yi a makiyayan Nijar, domin wuta takan tsaya inda ta rasa abin ci.

Malaman tsangaya kuma su nisantar da kara daga makwancin yara, su bar ƙofa fiye da ɗaya. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni a kashe wuta kafin a kwanta, bayan wani gida ya ƙone a Madina. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci laifi ne da za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa 'yan agaji da alheri, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Amin.