Kafin damana ta sake faɗuwa, wa zai gyara ɗakin tsoho?



Ba mu manta da damanar 2024 ba. Ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, Maraɗi ta ga tashin hankali a ƙarshen watan Agusta, har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya zube. To in ginin da duk gari ke sa wa ido ya faɗi, ina ga ɗakin ƙasa na tsohuwar da ba ta da mai yi mata yaɓe?

Mu faɗa wa juna gaskiya. Fansho a ƙasar nan na 'yan kaɗan ne. Wanda ya yi aikin kamfani yana da CNSS, ma'aikacin gwamnati yana da CARENI. Manomi fa? Makiyayi fa? Inna mai tuyar ƙosai da ta yi shekara arba'in a bakin tasha fa? Su fanshonsu 'ya'yansu ne. 'Ya'yan kuwa da yawa sun tafi bida, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Najeriya, wasu wajen haƙar zinariya a Jado. In sun samu su aiko, in ba su samu ba shiru. Ko kuɗin ya zo, hatsi da magani ke cinye shi, bango na nan da tsagarsa.

Mun san gwamnati na iya taɓukawa in ta sa kanta. Tun 2006 yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke da gatan magani kyauta a likita. Shirin tallafin iyalai marasa ƙarfi da aka soma a 2011 ya riƙa ba gida jika goma a wata. Ke nan hanyar kai kuɗi har ƙauye akwai ta. Me zai hana a buɗe wa tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu nasu layi?

Wasu na cewa a gina gidajen gajiyayyu. Muna ganin kuɗin zai fi amfani a wani wuri. Baba na son zaurensa, da masallacin unguwa, da hayaniyar jikoki. Ka raba shi da su, ka ƙara masa ciwo. Abin da yake buƙata ɗaki ne wanda ba ya yoyo.

Ga roƙonmu. Kowane magajin gari ya zauna da masu unguwa da limamai tun cikin rani, a rubuta sunayen tsofaffin da ɗakunansu ke shirin faɗuwa, a karanta sunayen a bainar jama'a don kada son kai ya shiga. Gwamnati ta kawo siminti, kwano da azara. Mu kuma samarin unguwa mu fito gayya kamar yadda iyayenmu ke yi. Gyaran indararo da ɗaurin gindin bango ba su kai kuɗin tanti da buhun shinkafar da ake rabawa bayan ɗaki ya danne mutum ba.

Kafin hukuma ta motsa, kowa ya leƙa maƙwabcinsa a satin nan, ya duba rufin ɗakin tsohon da ke kusa da shi. In Allah ya ja kwana, layin nan muke bi dukanmu.

Allah ya ba mu ikon kula da iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya.