Idan Hazo Ya Hana Jirgi Sauka, Ina Makomar Fasinja Da Matuƙi?

A nan wajenmu, daga Bichi zuwa Dambatta har Kunchi, da zarar an gama kai gero da dawa rumbu sai hunturu ya sako kai da hazonsa. Wata safiyar mutum ba ya iya hango kukar da ke bakin gonarsa. Mu dai iyakar damuwarmu tari ne da faso, amma can bisa kanmu akwai jiragen da ke laluben filin Malam Aminu Kano, kuma wannan hazon ne ke yanke musu hukuncin sauka ko wucewa. Tun da yanzu 'ya'yanmu na karatu da aiki a nesa, wasu daga ikilisiyoyinmu kuma na zuwa ziyarar Urushalima, to, 'yan'uwa, maganar ta shafe mu.

Da farko ya kamata a sani cewa canja wa jirgi masauki ba gazawar matuƙi ba ce. Tun kafin ya tashi, doka ta tilasta masa ya zaɓi wani fili na biyu, ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi filin na biyu, da kuma ragowar da za ta riƙe shi a sama kamar minti 30. Direban da ya taso daga Kano ya tarar gada ta karye yana iya tsayawa a gefen hanya ya yi shawara da fasinjojinsa. Matuƙi kuwa ba shi da gefen hanya, kuma duk mintin da ya ɓata yana kewaya gari, man da zai cece shi yake ƙonawa.

Dattawanmu ba su manta da ranar Litinin, 22 ga Janairu, 1973 ba. Wani jirgi samfurin Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya taso daga Jidda ɗauke da alhazai zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas, aka juyo da shi Kano. A Kano ma ya tarar da hazo da iska. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, wuta ta kama. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, har da shida daga cikin ma'aikatan jirgin su tara. A lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka a duniya ba. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka yi wannan rashi, mutanen da suka gama ibadarsu suna ɗokin ganin gida.

Wani zai ce ai da bai juyo ba da hakan ba ta faru ba. Mu ba mu ga haka ba. Juyowar daidai ce. Inda gizo ke saƙa shi ne filin da aka juyo gare shi, ko yana da na'urar da za ta jagoranci jirgi cikin hazo, ko fitilun titi na aiki, ko 'yan kwana-kwana na nan a shirye. A watan Yunin 1991 wani jirgin Okada Air da ya nufo Kano ya karkata zuwa Sakkwato saboda ɓacin yanayi, ya yi ta kewaye har mansa ya ƙare, ya faɗi a wajen gari, aka rasa rayuka.

To, ko an sauka lafiya, wahala ba ta ƙare ba. A watan Fabrairun 2020 hazo ya rufe Legas, alhali sabuwar na'urar saukar da jirgi da aka kafa a filin Murtala Muhammed ba a gama daidaita ta ba. Jiragen British Airways da Emirates da Delta da wasu suka riƙa karkata, akasari zuwa Akara ta ƙasar Gana. Ɗaruruwan 'yan Nijeriya suka yi kwanaki a can, wasu da suka gaji suka shiga mota suka ratso Togo da Benin. Ma'aikatar sufurin jiragen sama, a ƙarƙashin Hadi Sirika, ta ba da haƙuri, ta kuma ce ai da Abuja aka kai su. Gaskiya ne, amma wanda bai gyara ƙofar gidansa ba, bai kamata ya yi fushi don baƙo ya kwana a maƙwabta ba.

Me ya sa ake daɗewa haka? Filin da ba a sa ran zuwanka ba, sau da yawa kamfanin ba shi da ma'aikata a wurin, dole a nemo matakala da mai da abinci. In wata ƙasa ce, wanda ba shi da izinin shiga ba zai wuce jami'an shige da fice ba, kayansa kuma na kulle a cikin jirgi. Sannan ga abin da yawancinmu ba mu sani ba: doka ta ƙayyade awoyin da matuƙi da ma'aikatansa za su yi suna aiki. In awoyin suka cika, ko gari ya washe, ko tanki ya cika, ba su da ikon tashi sai sun yi barci ko an kawo wasu. A nan ne za ka ga mutum mai furfura yana zazzaga wa yarinyar da ke raba abinci masifa, alhali ita ma tun asuba take tsaye, ba ta kuma san inda za ta kwana ba.

Duk da haka fasinja na da haƙƙi. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, sun ɗora wa kamfani ba da abin sha da ɗan abin taɓawa in jinkiri ya yi tsawo, da masauki in dare ya yi, da mayar da kuɗin tikiti ga wanda ya fasa. Diyya ce kawai ba a cika samu ba in yanayi ne sanadi. Don haka a adana tikiti da duk wani rasidi, magani da 'yar riga kuwa a sa su a jakar hannu, musamman tsofaffinmu masu hawan jini da ciwon sukari.

Akwai garin da aka jarraba da irin wannan. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da Amurka ta rufe sararin samaniyarta, jirage 38 ɗauke da mutum fiye da 6,500 suka sauka a Ganda, wani ƙaramin gari a Kanada mai mutane kusan 10,000. Wasu sun yi kusan kwana guda cikin jirgi kafin a sauke su. Otal bai isa ba, sai aka buɗe makarantu da majami'u da gidajen jama'a. Direbobin motocin makaranta da ke yajin aiki suka jingine shi suka kwashi baƙi, masu kantin magani suka nemo wa marasa lafiya magungunansu, aka yi ta haka har kwana biyar.

Filin Kano na daga cikin inda ake juyo da jirage in Abuja ko Kaduna suka rufe. Tambayar da muke yi wa hukumar filayen jirage da kamfanoni, tun kafin hazon bana ya sauko, ita ce: in jirage uku suka sauka babu zato da ƙarfe 11 na dare, wa zai buɗe ƙofa, kuma ina za a kwantar da mutane?