Daga akushin gida zuwa kwanon bakin hanya

Babu reshen McDonald's ko ɗaya a ƙasar Nijar, kuma KFC, wanda ya buɗe a Legas a 2009, bai iso Damagaram ba. Duk da haka abincin sauri ba baƙo ba ne a nan. Tun kafin Turawa su ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926, fataken da ke sauka unguwar Zango suna sayen fura da tuwo da nama daga hannun masu sayarwa, domin baƙo ba ya da murhu. Abin da ya sake shi ne, a yau ɗan gari ma ya bi sahun baƙo.

Garin Guna, cikin gundumar Mirya, ya isa misali. Da asuba mai ƙosai ta ɗora kasko, mai shayi ya jera benci da burodi. Da hantsi ga ɗan wake da awara da shinkafa da wake, da maraice kuma mai tsire ya hura wuta. Manomi mai shirin gona, da malamin lakwal da aka turo daga wata jaha ba tare da iyalinsa ba, da ɗan kabu-kabu, duk nan suke karya kumallo. A kasuwar Dole ta Zinder ma haka abin yake, sai dai ya fi yawa.

Wannan al'ada ta ƙara ƙarfi cikin shekarun 1990. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada, ga shi ma'aikata suna yin watanni ba albashi. Magidanta da dama suka ga ɗora tukunya sau uku a yini ya fi ƙarfinsu, sai aka koma raba wa yara ƴan daloli kowa ya nemi na sawa a baki. Masu abinci kuwa suka riƙa ba ma'aikata bashi har ranar biya. Tsofaffin ma'aikata ba su manta wannan alheri ba.

Amfanin sana'ar a fili yake. Mace mai jarin tiya ɗaya ta wake tana iya ciyar da marayu, ta yi zubin adashi, ta aurar da ɗiya. Kuɗin kuma ba ya fita ƙasa: waken na manomin Guna ne, man gyaɗar na matan ƙauye ne, ragon na makiyayi ne. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, kuma kaskon ƙosai yana cikin kasuwannin da suka fi kusa da manomi. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023, masu dogaro da kayan ƙetare sun fi jin jiki a kan masu sarrafa amfanin gida.

Sai dai araha ba ta ado. Ƙarancin ruwa tsohuwar cuta ce a Damagaram, kuma inda ake sayen ruwa da jarka, bokiti guda kan wanke kwanonin yini. Ta nan zawo da zazzaɓin taifot suke samun hanya. Man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi ba a zubar da shi. Ana zuba koko mai zafi cikin leda, alhali tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin waɗannan ledoji da sayar da su. Mafi muni, faifan talla a kan yarinya yake, a lokacin da ya kamata tana cikin aji. Ga kuma akushin gida, inda yaro yake koyon wanke hannu da jiran babba, yana neman zama na ranar salla kawai.

Korar masu abinci ba magani ba ce, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma ma'aikacin da gidansa ke nesa dole ya ci a waje. Magajin garin da ke karɓar harajin kasuwa shi ya kamata ya mayar da wani kaso cikin famfo da rumfa da wurin zuba shara kusa da masu abinci. Ma'aikatan kiwon tsabta su fara da koyarwa kafin tara. Ƴan kasuwa da ma'aikata kuwa, su ne manyan masu saye: ranar da suka fara wuce kwanon da ba murfi zuwa mai murfi, ko da ƙarin dala biyar, sauran masu sayarwa za su nemi murfi da kansu.